Takardar da Ta Yi Sati Bakwai a Aljihun Yayana

Shekarun baya, ni ce na ɗauke mahaifiyata daga gadon wani babban asibiti a Kano na mayar da ita ɗakinta a Getso, ba da yardar yayana ba, ba kuma da yardar kawunmu ba. A ɗakin nan nata ta rasu. Har yau akwai dangin da in muka haɗu a biki ko suna, gaisuwarsu ba ta wuce "ya gida", sai su juya su kama hira da wata. Na bar su da halinsu. Amma an daɗe ana ba da labarin nan da bakin wasu, yau na ga gara in bayar da shi da nawa.

Ni malamar firamare ce a Kabo, inda aure ya kai ni. Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan mahaifiyarmu, ni da yayana mai aikin gwamnati a Kano. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Tun ina ƙarama aka san ni da baki, mahaifiyata takan ce da ana sayen surutu a kasuwar Gwarzo da tuni na gina mata bene. Sai dai bakin nan nawa na cikin gida ne. Ina shiga asibiti na ga farar riga sai in yi tsit kamar an ɗinke ni, allura kuwa ko a hannun wani na gan ta sai na nemi bango na dafa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka jaruma ce take ba shi labari.

Mahaifiyata mai wankan gawa ce. Sama da shekara talatin, in mace ta rasu a unguwarmu ko unguwannin kusa, ita ake aikowa a kira, ita da wata ƙawarta da suka tashi tare. Ko tana tsakiyar tuƙa tuwo aka yi sallama aka ce wance ta cika, za ta miƙa min muciya ta ɗauki mayafinta ta fita. Ba ta taɓa dawowa ta faɗi abin da ta gani a jikin kowa ba. Mace ce mai rufa asirin mutane, abin haushi kuma da wannan halin ta rufe nata. Ƙullutu ya fito mata a nono, ta yi kusan shekara tana shafa masa maganin gargajiya ba ta gaya wa kowa ba. Sai da na zo hutu na ga tana kare ɓari ɗaya in za ta ɗaga bokiti, sannan na matsa mata ta nuna min. A Gwarzo aka fara duba ta, aka ce a wuce Kano. A Kano aka ce ciwon daji ne.

Aka yi mata aiki, aka yi ta ƙara mata ruwan maganin nan mai zubar da gashi. Ta dawo gida ta yi kusan shekara tana harkokinta, har muka fara cewa an rabu da shi. Damina na kankama sai ciwon baya ya taso mata, cikin kwana kaɗan ta kasa tashi daga tabarma sai an kama ta. Muka koma Kano aka ba ta gado. Na nemi hutu a makaranta, na bar wa mijina da ƙanwarsa yara, na shimfiɗa tabarmata a gefen gadonta.

A wajenmu jinya ta 'ya mace ce, labari kuma na ɗa namiji ne. Ni nake wanke ta, ni nake juya ta, ni nake zubar da fo, ni na san cokali nawa na kunu ya wuce maƙogwaronta. Amma duk ranar da babban likita ya zo zagaye da magana a bakinsa, sai ya waiwaya ya ce ina namijin da yake tare da ita. Yayana ya gyara zaman hula ya bi shi waje. Su tsaya a baranda ina hango su ta taga, likita yana magana, yayana yana gyaɗa kai. In ya dawo sai ya tsuguna a bakin gado ya ce, "Inna, an ce da sauƙi, a ci gaba da addu'a." Ita ta ce alhamdulillahi, ni ma in ce alhamdulillahi. Ban cika ganin laifin likitan ba, haka ya tarar ana yi, kuma na san akwai mazan da in ya gaya wa matansu magana kai tsaye rigima za su yi masa. Laifina na fi gani. Ni da nake karanta wa matan unguwarmu takardunsu na asibiti ina yi musu fassara da iyayi, ban taɓa buɗe baki na ce a nuna min ta uwata ba.

Sauƙin da ake ta faɗa dai ba mu gan shi ba. Ciwon ya shiga ƙashi. Matar da ta haihu tara ba a taɓa jin muryarta a waje ba, ita ce take cusa bakin zani a baki tana cijewa don kada ta dami masu gadon kusa. Allurar da ake yi mata takan riƙe ta awa biyu ko uku, ciwon ya dawo, in na je na faɗa a ce sai lokaci ya yi. Ana ta ɗibar jini, ana ta tura mu ɗaukar hoto, ina tura ta a keke tana runtse ido duk inda taya ta ci karo da tudu. Masu dubiya daga Getso suka zo sau biyu suka haƙura, ga nisa, ga aikin gona, ga ƙofa ba a buɗewa sai bayan la'asar. Ƙawarta kuwa ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, sai dai saƙon gaisuwa. Duk wanda ya zo, tambayar mahaifiyata ɗaya ce, ko an yi wa gero maimai, ko wake ya fara fure.

Wata Talata da hantsi, wata nas mai ɗan shekaru tana taya ni canza zanin gado, sai ta ja ni gefe ta rage murya.

"Malama, wai me ya hana ku kai ta wancan sashen ne? Matar nan tana shan wahala."

Na ce wane sashe. Ta tsaya tana kallona, na ga alamar ta gane ta taɓo abin da ba ta yi niyya ba, amma ba ta ja da baya ba. Ta ce akwai wani ɗan sashe a bayan asibitin, aikinsu kula da waɗanda ciwonsu ya wuce a warkar. Su suke da maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, su suke koya wa iyali yadda ake jinya, in kuma mara lafiya yana son komawa gida su shirya masa. Ta ce babban likita ya rubuta mana takardar zuwa can sati bakwai da suka wuce, a gabanta ya miƙa wa yayana a baranda. Duk lokacin da aka tuna masa sai ya ce iyali suna shawara, a ci gaba da ƙoƙari tukuna. Ni ce rabin iyalin nan, ban san ana shawara da ni ba.

Na jira shi har ya taso daga aiki. Na tare shi a gindin wata darbejiya kusa da inda ake ajiye motoci, tun kafin ya shiga ciki. Wuni na yi ina tsara kalaman da zan jera masa, amma ina buɗe baki kuka ne ya riga fitowa, har sai da ya tsorata ya ɗauka ta rasu. Da na samu numfashi na ce, "Yaya, ina takardar?" Bai tambaye ni wace takarda ba. Hannunsa kawai ya kai kan aljihun gaban rigarsa ya dafe.

Ina so in yi masa adalci, yayana ba mugu ba ne. Bai taɓa fashin zuwa asibitin nan ba ko rana ɗaya, kuma duk abin da aka rubuta shi yake zagaya gari ya nemo. Ya ce min wannan sashen na waɗanda aka sallama ne, kai ta can daidai yake da yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ya ce likita ba shi yake rayawa ba. Ya ce ya yi shawara da kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, shi ma ya ce a bar maganar tsakanin maza kada a karya mata zuciya. Na bar shi ya yi ta zagaye har ya iso kan ainihin abin da yake cin sa.

"Me kike so mutanen Getso su ce? Ɗanta yana Kano yana aiki, ya gaji da ita ya dawo da ita ɗaki ta mutu?"

"Mutanen Getso ba sa nan lokacin da take cizon zani, Yaya. Kai ma yawanci da yamma kake zuwa, bayan an yi mata allura. Ni nake nan."

Tunda nake ban taɓa ɗaga ido na yi masa magana haka ba. Ya ce muddin yana raye takardar nan ba za ta bar hannunsa ba, kuma kada in kuskura Inna ta ji. Ya shiga ya gaishe ta kamar kullum ya tafi.

Na wanke fuska a famfo, na koma ciki da murmushin ƙarya. Inna ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Kin ji ke nan."

Ashe ta daɗe da sani. Ta ce ta lura tun lokacin da tsayuwar likita a bakin gadonta ta fara gajarta, kuma tana kallon ƙafafunta da hannuwanta kullum. Ta ce matar da ta yi shekara talatin tana wanke mata ba za a gaya mata jikin da ya kama hanya ba. Ta yi shiru ne saboda ɗanta yana ƙoƙari, ba ta son ta karya masa gwiwa. Wato shi yana ɓoye mata don kada ta karaya, ita tana ɓoye masa don kada ya karaya, ni kuma ina tsakiya ina ta alhamdulillahi. Ta kama hannuna ta ce:

"Ba mutuwar nake tsoro ba. Ina tsoron ta same ni a nan, a tura ni ɗakin sanyi, hannun da bai san ni ba ya taɓa ni. Kuma akwai mutanen da ban nemi gafararsu ba. Ki kai ni gida."

Washegari da safe babban likita ya zo zagaye da ɗalibansa a bayansa. Da ya waiwaya neman namiji sai na miƙe na ce, "Babu namiji yau, likita, ni ce 'yarta." Turancin da na kwana ina haɗawa ya gudu ya bar ni, da Hausa tsantsa na yi bayani, har da in'ina. Na ɗauka zai ce sai an kira yayana. Bai ce ba. Ya dubi mahaifiyata ya tambaye ta ko abin da take so ke nan, ta ce eh, ya zaro biro ya rubuta wata takardar nan take. Abin da na yi wata biyu ina tsoro bai ɗauki minti biyar ba.

Sashen ɗan ɗaki ne, tebur ɗaya da kujeru. Wata likita muka samu, ta jawo kujerarta har gaban keken mahaifiyata ta zauna, ta ce, "Inna, me ya fi damunki, kuma me kike so mu yi miki?" Tun da muka fara zaryar asibiti ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Likitar ba ta yi mana rufa-rufa ba. Ta ce ciwon ba zai warke ba, amma raɗaɗin suna da yadda za su yi da shi. Ta ce mutane sun ɗauka nan wajen jiran mutuwa ne, shi ya sa ake kawo musu marasa lafiya a ƙurarren lokaci, alhali akwai waɗanda suke zuwa da ƙafarsu wata da watanni suna karɓar magani suna komawa harkokinsu. Ba ta zargi kowa ba, ta dai ce ta so a ce ta ga Inna tun ranar da aka rubuta takardar farko.

Wani maganin ruwa suka ba mu a kwalba, ana auna shi da sirinji marar allura a zuba a baki duk bayan awa huɗu. Kafin azahar mahaifiyata ta yi barci har da minshari, baki a buɗe. Da la'asar ta farka ta ce tana son fura. Na zauna a kan tabarmata ina dama fura ina hawaye, kuma ba na farin ciki ba ne, na takaici ne. Maganin nan yana bayan ginin da muke kwance, tafiyar da ba ta kai daga gidanmu zuwa rijiya ba, muka yi sati bakwai tana cizon zani.

Maganar yanke ƙauna da yayana ya yi ta tsaya min a rai, don haka na kira surukina, mahaifin mijina, wanda malami ne mai almajiran ilimi a Kabo. Ya saurare ni har na gama. Ya ce neman sauƙin raɗaɗi shi ma neman magani ne, shirya wa mutuwa da neman yafiya kuma ba yanke ƙauna ba ne, abin da ake so ga kowane Musulmi ne. Ya ce tunda tana cikin hankalinta, maganarta ce gaba da ta kowa. Kwana biyu muka ƙara, nas-nas ɗin sashen suna koya min wankin ciwo da yadda ake juya mara lafiya don kada baya ya ƙwaile. Suka ba ni lambar da zan riƙa kira. Ranar tafiya mijina ya zo da motar wani abokinsa. Da aka kawo takardar sallama aka tambayi wanda zai sa hannu, na miƙa hannu zan karɓi biro, mahaifiyata ta ce a'a, a kawo tawada. Da babban yatsanta ta dangwala.

Ban tafi a ɓoye ba, na kira yayana tun muna cikin asibitin. Ya ce, "In kika fitar da ita, duk abin da ya faru yana wuyanki." Na ce na ɗauka. Ya ce to kada in sa ran ganin ƙafarsa a Getso, ba zai zo ya zauna yana kallon abin da bai yarda da shi ba.

Mun kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyata. Muna barin gari ta ce a sauke gilas. Ta sa na ɗan ɗago ta tana kallon gonaki, dawa ta yi kai, gero an fara yanka. Wajen Kabo ta hango wata gona da ciyawa ta cinye, ta ce wannan mai gonar ragon gaske ne, Allah ya sa ba surukinta da yake tuƙa mu ba ne. Mijina ya yi dariya har ya kusa barin hanya. Rabona da in ji ta yi wa wani tsiya tun kafin a kwantar da ita.

Kwana ashirin da uku ta yi a gida. Mukan fito da ita tsakar gida da safe a kan katifa, wake yana shanye a gefe, kaji suna damun mu. Ƙawarta ta dawo gidan da zama gaba ɗaya, da sandarta da carbinta. Mata suka yi ta shigowa, ita kuma ta fara aiken a kira mata mutane ɗaya bayan ɗaya. Ta nemi gafarar wata da ta taɓa yi wa gorin haihuwa tun suna da ƙuruciya, matar ma ta manta. Ta kira maƙwabciyarmu da suka yi shekara takwas ba sa magana saboda magudanar ruwan da take bi ta jikin katangarsu. Matar ta shigo fuska a ɗaure, ta tsaya a bakin ƙofa kamar an turo ta dole, bayan ɗan lokaci sai ga su suna kuka suna musun wacce ta fi laifi. Ta raba kayanta da bakinta. Ta zauna da ƙawarta ta faɗa mata yadda take so a yi mata wanka da waɗanda za su shiga ɗakin, suna yi suna gardama kamar masu shirin biki.

Kada in yi ƙarya in ce duk daɗi ne. Jinya a gida aiki ne mai karya baya. Ciwon yana wari, ina wankewa ina fita bayan ɗaki in yi amai in dawo. Maganin yana ɗaure mata ciki. Akwai ranar da numfashinta ya sarƙe na ruɗe na fara neman mota, sai da na kira nas ɗin sashen ta yi ta gaya min abin yi a waya har ya lafa. Maganin ya kusa ƙarewa, dole mijina ya koma Kano ya karɓo wani don babu shi a kusa da mu. Kawunmu kuma kullum sai ya zo ya zauna a zaure yana gaya wa masu dubiya cewa ni na yi gaban kaina. Wata rana na fita na same shi na ce, "Kawu, ga ta can a ciki tana magana, ka shiga ka tambaye ta." Bai shiga ba a ranar.

Yayana ya riƙa aiko da madara da 'ya'yan itace ta hannun direbobi, amma bai zo ba. Duk sanda aka yi sallama da muryar namiji sai ta juyo da kai wajen ƙofa. Na kira shi sau uku, yana cewa in dawo da ita asibiti tukuna. Da ta daina cin abinci na tura masa saƙo na ce in yana son ya same ta ya taho, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ya taso ranar Lahadi da safe. Da hantsi, tana kwance a ɗakinta, ƙawarta tana riƙe da hannunta tana maimaita kalmar shahada a hankali, leɓenta yana bi, ta cika. Babu cizon zani, babu ihu. A lokacin yayana bai wuce Rimin Gado ba.

Ƙawarta ta wanke ta a ɗakin, da matan da ta zaɓa. Yayana ya samu salla, shi ya shiga kabari ya karɓe ta, kafin azahar an dawo. A zaman makoki na ji abin da ake cewa ƙasa-ƙasa, wai da an bar ta a asibiti da ta ƙara kwana, wai 'yar boko ta gaji da jinya. Wata gwaggo ta faɗa a gabana. Na ce mata kwana na Allah ne, amma wanda duk yake ganin asibiti ya fi, ina ya shige lokacin da ake neman mai kama min ita in juya ta. Aka ce ba ni da kunya. Na yarda, a ranar ba ni da ita.

Yanzu da shekaru suka wuce, ban ce kowa ya ɗauke mara lafiyarsa daga asibiti ba. Akwai wanda asibitin ya fi masa, akwai wanda ba shi da mai jinya a gida, akwai wanda da bakinsa zai ce a bar shi kusa da likita. Abin da na koya shi ne a tambayi mai ciwon. Mun saba ɗaukar tsofaffinmu kamar ba za su iya jin labarin mutuwa ba, alhali sun binne iyaye da mazaje da 'ya'ya, sun fi mu saninta. In kuma likita ya ce a je wajen masu rage raɗaɗi, a je da wuri, zuwa can ba ya kira wa kowa ajali. Ban taɓa nadamar kai ta gida ba, ko sau ɗaya. Nadamata ita ce satin nan bakwai, da yadda na zauna baki a rufe ina jiran maza su dawo daga baranda.

Ni da yayana mun yi shekara huɗu muna gaisuwar dole. Akwai saƙon da mahaifiyata ta bar masa kwana biyu kafin ta rasu, bai tambaya ba, ni kuma haushi ya hana ni kai masa. Wannan laifina ne, na sani. Bara waccan da ƙaramar salla muka haɗu a Getso, muna tsaye mu biyu a tsakar gidan bayan kowa ya fita gaisuwa. Bai dube ni ba, ya ce, "Ta yi maganata kuwa?"

Na ce ta yi. Na ce kafin ta yafe wa kowa shi ta fara yafe wa, kuma ta sa masa albarka har sau uku. Na ga kafaɗarsa ta sauka. Da zan iya tsayawa a nan in bar shi da daɗin, amma ba a nan ta tsaya ba, ni kuma na gama rage wa mutane magana don in lallashe su. Na ba shi sauran yadda ta faɗa:

"Ki ce masa na san don yana so na ya yi. Amma ki ce masa kada ya ƙara yi wa wani irin wannan son."

Ya zauna a kan turmi ya cire hularsa. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Na ɗebo ruwa a randa na ajiye masa a gefe, na zauna a ƙasa kusa da shi har ya gama kukansa.